Ɗantala Yauri da Kifin da Bai Hau Dam Ba

Duk wanda ya saba bin layin bayan kantunan Al-Sadd da sassafe ya san farar motar nan mai ƙofar gefe, ya kuma san dattijon da ke durƙushe a cikinta da bokiti. Da an idar da sallar asuba, Malam Ɗantala Yauri zai sauko daga ɗakin da suke haya su huɗu, ya zura safar hannu, ya tsiyaya bilic a ruwa, ya bi cikin motar lungu-lungu yana gogewa. Ba wankin mota irin na direbobi ba ne, wanda ake yi don jiki ya yi ƙyalli. Shi bayan motar bai dame shi ba. Ciki yake wankewa, daɓe da bango da hannun ƙofa, har igiyar ɗaure kaya sai ta sha bilic. Daga nan ya bar ƙofar a buɗe ta sha iska, ya koma ya karya da shayi da burodi da ƙwai. Kifi kuwa ba ya taɓa shi daga Lahadi har Alhamis.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da abokan ɗakinsa suka daɗe ba su gane ba. Mutum ɗan Sarkawa, wanda aka yaye shi da romon tarwaɗa, wanda maiɗakinsa Haulat ba ta barin matafiyi ya taso daga gida ba ta ƙunso masa banda ba, a ce ya kulle bandar a gwangwani, ya naɗe bakin da salatif, ba zai buɗe ba sai an sauko Juma'a! Sun yi tsiya har sun gaji. Shi dai amsarsa ɗaya ce: "Aikina ne ba ya son ƙarni."

Malam Ɗantala direba ne a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke Doha, inda ake binciken halittun ruwa. Shekararsa goma sha biyu a ƙasar. Ya fara da jigilar ma'aikatan gini zuwa Lusail tun tana fili da turaku, kafin kamfanin da ya kawo shi ya maido shi wannan wuri. A takarda aikinsa layi ɗaya ne: ya ɗauko kaya daga filin jirgi, ya kai su ɗakin gwaji kafin ƙanƙarar da ke cikinsu ta narke. Abin da ke cikin kayan ba ruwansa. Direbobi biyu sun riƙe motar kafin shi, babu wanda ya taɓa tambaya.

Shi kuwa ranar da wasu kuloli uku suka fara zuwa daga gabashin Afirka, a shekarar 2019, bai ko gama sauke su ba ya tambaya. Wadda ta karɓe su Fausiya Dramani ce, ma'aikaciyar gwaji, 'yar Zangon Kumasi, ita kaɗai ce mai jin Hausa a wurin.

"'Yar Kumasi, wai mene ne a kulolin nan da ake lallaɓa su kamar ƙwai?"

"Kogi ne, Baba," in ji ta.

"Kogi? A kula?"

Ta yi dariya, ta ɗauko masa wani da ba a yi amfani da shi ba: ɗan mataci na roba, bai fi tsawon yatsa ba, da murfi gaba da baya. Ta ce can a bakin kogi ake ɗibar ruwa da babban sirinji, a tura shi ta cikin matacin, ruwan ya fice, abin da ke cikin ruwan ya maƙale. Duk kifin da ke zaune a kogi yana zubar da wani abu na jikinsa: yauƙi, kashi, ɗan ɓarɓashin fata. A cikin wannan ɓarɓashi akwai ƙwayar halittar da ake ce wa DNA, kuma ta kowane irin kifi daban take. Injin da ke ɗakin yana iya karanta ta. Ba sai an jefa koma ba, ba sai an ga kifin da ido ba.

Ɗantala ya juya matacin a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. Mahaifinsa yakan tsoma hannu a ruwa ya shinshina, ya ce yau akwai giwan ruwa a gurbin nan. A da yana ɗaukar abin burgar tsofaffi ce.

"To wane kifi ake nema?"

Ta nuna masa hoto a waya. Kifi dogo sumul, kamar maciji. Ya ƙura masa ido, ya ce ba gaiwa ba ne, ba kuma yauni ba ne. Bai taɓa ganin irinsa a komar gidansu ba. Fausiya ta ce mutanen can *mkunga* suke ce masa. Ɗantala ya gwada sunan sau biyu, bakinsa ya ƙi, ya ce shi Dogo zai riƙa kiransa. Har yau a ɗakin gwajin nan, Larabawa da Indiyawa da 'yan Filifin, kowa Dogo yake cewa.

Mai jagorar binciken, Dokta Sana, mutuniyar Tunisiya ce, mai sauri, mai yawan faɗin "yalla, yalla", wato maza-maza. Da farko ta ɗauka direban nan ɓata mata lokaci zai riƙa yi. Amma tambayoyinsa ba na ɓata lokaci ba ne. Da Turancinsa na tasha da Larabcinsa na kasuwa ya tatsi labarin Dogo daga bakinta kaɗan-kaɗan, a hanyar filin jirgi da dawowa. A teku ake haifarsa, can tsakiya. Yana ɗan ƙarami siriri kamar ganye, garau kamar gilashi, igiyar ruwa ta ɗauko shi wata da watanni har bakin kogi. Ya shiga ruwan daɗi, ya yi ta hawa sama, ya zauna shekara goma ko fiye yana girma. Ran da lokacinsa ya yi, sai ya juya ya gangara teku, ya koma inda ya fito, ya yi ƙwai sau ɗaya tak, ya mutu.

"Wato shi ma ɗan ci-rani ne," in ji Ɗantala. "To Dokta, wa ke nuna masa hanyar komawa?"

"Ba mu sani ba."

"Ku da injin nan duka?"

"Mu da injin nan duka."

Wannan amsa ta fi duk sauran yi masa daɗi. Ya ce tun da yake bai taɓa jin mai ilimi ya ce bai sani ba cikin sauƙi haka.

Abin da ya sa ake binciken shi ne kifin yana raguwa, kuma ana zargin madatsun ruwa. A ɗaya daga cikin kogunan akwai wani tsohon dam da ya raba kogin biyu. Masunta na ƙauyukan sama sun ce tun zamanin iyayensu rabonsu da ganin Dogo. Idan gwaji ya tabbatar babu shi a saman dam, to akwai hujjar neman a gina masa 'yar hanyar hawa a gefen ginin. Idan kuwa yana can, zance ya ƙare, ba sai an taɓa komai ba.

Ana cikin haka korona ta sauko. A watan Maris na 2020 Doha ta yi tsit. Aka rufe masallatai da kasuwanni, aka janye injinan ɗakin da rabin ma'aikatansa zuwa gwajin cutar. Motar Ɗantala ta koma jigilar samfurin hancin mutane daga cibiyoyin gwaji, shi kaɗai a titi mai layi huɗu, takunkumi a fuska, takardar izini a manne da gilashi. A wannan lokaci ne Fausiya ta koya masa abin da ba a koya wa direba: yadda ake cire safar hannu ba tare da bayanta ya taɓa fata ba, yadda ake lakaba lamba, dalilin da ya sa bilic yake kashe DNA amma sabulu ba ya kashewa. Da ya gane cewa injin da ke gano korona a hancin mutum shi ne dai mai gano Dogo a kogi, sai da ya zauna a kan kujera. Ya ce, "Ashe komai yana barin sawu, idonmu ne bai kai ba." Daga makon nan ya daina cin kifi ranakun aiki. Babu wanda ya sa shi.

A watan Yuli aka aiko da umarni a kwashe duk abin da ke babbar firizar ɗakin, za a zuba kayan cutar. Dokta Sana tana Tunis, jirage sun tsaya, ta kasa dawowa. A cikin firizar akwai matatai ɗari biyu da 'yan kai na Dogo, aikin shekara guda na mutanen da suka yi ta shiga ruwa har ƙugu. Masu kwasar sun riga sun kawo jakunkunan shara. Fausiya ta ce tana tsaye hannu a ka, sai ga Baba ya shigo.

"Ku ba ni zuwa la'asar," ya ce musu.

Ya tuna akwai wani ɗakin gwajin dabbobi da ya taɓa kai wa kaya a wajen gari, mai firiza irin wannan. Ya je da ƙafarsa, ya tsaya a ƙofa cikin ranar Yuli har aka fito masa da shugaban wurin, ya haɗa shi da Dokta Sana a waya. Aka ba shi aljihu biyu na firizar. Sawu uku ya yi, kowane sawu yana duba agogo, ƙanƙara tana hayaƙi a bayan mota. Ko ɗaya bai narke ba.

Kai ne wannan, Malam Ɗantala. Ba a rubuta maka shi a takardar aiki ba, ba a kuma yi maka alkawarin komai ba. Da ka naɗe hannu ranar nan, babu mai cewa ka yi laifi. Amma da a nan labarinka ya tsaya, da wataƙila ban ɗauki alƙalami ba, don masu ƙwazo suna da yawa. Abin da ya sa nake jinjina maka wani abu ne daban, kuma ba ranar da ka yi daidai ya faru ba.

Nuwamba ta 2022, saura kwana uku a buɗe Gasar Cin Kofin Duniya. Doha ta cika ta batse. An rufe titin bakin teku, motocin bas sun yi jerin gwano, tutoci ko'ina. Fausiya ta rataya ta Gana a ƙofar ɗakin shan shayi, kullum sai ta tambayi Baba wace rana Nijeriya za ta buga, alhali ta san Gana ce ta hana Nijeriya zuwa. A sashen kaya na filin jirgi kuwa abin ya fi ƙarfin ma'aikata. Abincin otal-otal yana sauka dare da rana. Kuloli uku na Dogo, waɗanda aka ɗebo a farkon ruwan bazarar can, suka yi kwana huɗu ba a sake su ba.

Ranar da aka sake su, Ɗantala ya tarar da biyu a gefe guda, ta ukun, mai shuɗin murfi, a can ƙarƙashin wasu kwalaye da aka jibga. Kwalayen sun fara jiƙewa, ruwa yana ɗiga a kan murfin. Ya janyo ta, ya goge da hannunsa mai safa, ya kai mota. Da ya ɗaga ta ya ji ruwa yana kaɗawa a ciki: ƙanƙararta ta narke. Doka ita ce ba a buɗe kula a hanya. Amma ya duba titi, ya ga tafiyar minti ashirin yau za ta ci awa biyu, ga shi yana da sabuwar ƙanƙara a motar. Ya buɗe. Ya ɗaga ledar matatan don ya shimfiɗa ƙanƙara a ƙasa, sai ya ga bakin ledar ya ɗan buɗe, murafen guda biyu sun yi sako-sako. Ya sa babban yatsa ya danna su suka koma. Ya rufe, ya kama hanya, zuciyarsa fari tas, yana ganin ya ceci kaya. Bai rubuta a takardar karɓa ba. Bai ma ga abin rubutawa ba.

Bayan mako biyu sakamako ya fito. Ranar Alhamis ce, washegarin ranar da Tunisiya ta doke Faransa, Dokta Sana ta zo aiki murya a dishe. Wajen azahar aka ji ta ƙwala ihu a ɗakin inji. Matatai biyu daga saman dam sun nuna Dogo. Shekara uku ana nema ba a samu ba, yau ga shi. Aka sayo kek daga Al Mirqab. Ta ce ranar Lahadi za ta aika da rahoton farko ga hukumar ruwa ta can, don suna da zama a makon, kuma a zaman za a yanke maganar hanyar hawa. Gwaji na biyu, mai tantance ainihin jinsin kifin, sai bayan gasa, don injinsa yana kan aikin duba ruwan magudanun gari saboda baƙi.

Ɗantala yana riƙe da farantin kek, ya yi abin da ya saba.

"Dokta, ta ina ya hau?"

"Wataƙila da ambaliya. Wataƙila ta cikin ciyawa, suna iya tafiya a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Khalas, ya isa, yau ba ranar tambaya ba ce, ci kek!"

Ya matsa kusa da Fausiya. "Daga wace kula suka fito?"

Ta duba takarda. "Ta uku."

"Mai shuɗin murfi?"

"Ita fa. Lafiya, Baba?"

Ya ce lafiya. Ya ajiye farantin bai ci ba.

Akwai abin da ake sakawa cikin kaya don kama irin wannan kuskure: mataci guda da aka tura wa tsabtataccen ruwa kawai, wanda ya kamata ya fito fanko. Ɗantala "ɗan shaida" yake ce masa. An duba ɗan shaida, ya fito fes. Amma ɗan shaida guda ɗaya ne a tafiyar, kuma a kula ta farko ya zo. A duk duniya mutum ɗaya ne ya san an buɗe ta uku.

Washegari Juma'a, bayan an sauko, ya buɗe gwangwanin banda kamar kullum. Ya ɓara ɗaya, ya kai hannu hanci, sai ya tsaya. Ranar nan a filin jirgi, da ya cire safar, ya ji wani ƙarni mai maiƙo, ba irin na kifin teku da ya sani ba. Hancinsa ya ji, hankalinsa ne yana kan titi. Ya mayar da bandar, ya kira Auta, mutumin Jega, wanda ya shekara takwas yana gadi a sashen kaya.

Ranar Asabar da hantsi suka haɗu a bakin ƙofar. Auta ya tuna kwalayen, don irinsu suna ta zuwa duk mako, na wasu gidajen abinci ne a Lusail masu dafa abincin gabashin Asiya. Ya leƙa ciki, ya dawo da hoton wani a wayarsa. Rubutun jiki ba mai karantuwa ba ne a wurinsu, amma akwai zane: kifi dogo sumul, ya lanƙwashe kamar maciji.

Ɗantala ya jingina da bango. Ya gaya wa Auta komai.

Auta ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Yaya Ɗantala, wa ya gan ka?"

"Babu."

"To ka rufa wa kanka asiri. Ka san yadda ƙasar nan take. Takarda ɗaya za su rubuta wa kafil, ubangidan da ya kawo ka, sai ka ji ana maganar tikitin komawa gida. Saboda kifin da ko a mafarki ba ka taɓa cinsa ba? Kifin wata ƙasa? Ba ka ce akwai gwaji na biyu ba? In akwai kuskure su gano da kansu."

"Kafin nan an yi zaman, an rufe magana."

"To ina ruwanka da zamansu?"

Tsoron da Auta ke ji Ɗantala ma yana jin sa. 'Ya'yansa biyu suna jami'a. Shekarunsa sun wuce na neman sabon aiki a ko'ina. Amma ya ɗago kai ya dubi Auta.

"Auta, lokacin da aka tare ruwa a Kainji, ina jin mahaifina yana faɗin kifayen da suka daina zuwa. Ya lissafa su da suna. Babu wanda ya yarda, don shi ba ya da takarda. Yanzu masuntan can sun ce Dogo ba ya hawa. Gobe za a kai takarda a ce musu ƙarya suke. Kuma yatsana ne ya rubuta takardar."

Ranar Lahadi ya wanke mota kamar kullum, ya riga kowa isa. Fausiya ta shigo fuska a murtuke, an fitar da Gana tun Juma'a, ta ce kada Baba ya ce mata komai. Ya ce ba maganar ƙwallo ba ce, ta zo ta yi masa tafinta, don yau ba ya son Turancinsa ya rage ko kalma ɗaya. Suka shiga ofishin Dokta Sana. Rahoton yana buɗe a kan kwamfuta.

Ya faɗa daga farko har ƙarshe, a tsaye, hula a hannu. Kwalaye, ɗigar ruwa, ƙanƙara, murafe biyu. Ya ɗaga babban yatsansa na dama ya nuna. Ya miƙa mata hoton Auta.

Fausiya ta ce ba ta taɓa ganin fuskar Dokta ta yi haka ba. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa.

"Ka buɗe kula? Kai? Kai da ka fi kowa sanin doka a ginin nan?"

"Na buɗe, Dokta."

"Me ya sa ba ka faɗa ba ranar?"

"Na ɗauka alheri na yi."

"Ka san abin da ka jawo? Damina guda! Mutane sun yi kwana tara a daji!"

"Na sani. Abin da ya dace da ni a yi mini. Amma kada a aika takardar nan."

Dokta ta rufe kwamfutar, ta ce wa Fausiya ta je ta roƙi masu injin tantancewa su ba ta gurbi biyu, ko da rigima. Ranar Laraba amsa ta fito. DNA ɗin na ɗan'uwan Dogo ne, amma jinsin gabashin Asiya, irin wanda ake kiwo a tafkuna a sayar wa gidajen abinci. Kifin bai taɓa shaƙar ruwan Afirka ba. Daga kwali ya ɗigo, ya bi ta yatsan Ɗantala, ya shiga kogin da bai san da shi ba.

Ba zan ce an yi masa tafi ba, don ba a yi ba. Shugabannin wurin sun rubuta masa takardar gargaɗi, suka ɗauke shi daga ɗaukar samfuri wata biyu, ya koma kai ma'aikata gida. Akwai wanda ya so a mayar da shi kamfaninsa ɗungurungum. Dokta Sana, wadda kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba, ita ce ta tsaya a gabansu. Ta ce in aka kori mutumin da ya kawo ƙarar kansa, to an koya wa duk sauran ma'aikata su riƙa yin shiru, ita kuwa ba za ta iya sa hannu a kan sakamakon ɗakin da mutanensa ke shiru ba. Ta rubuta wa hukumar can cewa samfurin bana ya gurɓata a hanya, a dakata da yanke hukunci.

Cikin watannin nan biyu Ɗantala bai yi fushi ba, bai kuma daina tunani ba. Ranar da aka maido masa da makullin farar motar, ya zo da shawara a bakinsa.

"Dokta, me ya sa ɗan shaida ɗaya ne? Kula uku, shaida ɗaya. Ko a kotun alƙali ba a yin haka. A sa wa kowace kula nata. A ba ni guda kuma ya zauna a mota, in ni ne na kawo datti ya tona ni."

Ta dube shi, ta dubi Fausiya, ta ce, "Shekara huɗu muna wannan aiki." Daga ranar haka ake yi. An kuma ƙara layi a takardar karɓar kaya, inda direba zai rubuta duk abin da ya faru a hanya, kome ƙanƙantarsa.

Da damina ta zagayo aka sake ɗibar ruwa, wuri goma sha biyu a ƙasan dam, goma sha biyu a sama. Na ƙasa, goma sun nuna Dogo, na ainihi, ɗan kogin. Na sama ko ɗaya. Duka 'yan shaida sun fito fanko, har da na mota. Maganar masunta ta tabbata. Rahoton da aka aika ke nan, kuma da shi ake ta muhawarar hanyar hawa har yanzu. Ko za a gina ta, Allah ne masani. Wannan ba a hannun direba yake ba. Amma ba a rufe maganar a kan ƙarya ba.

Ƙarshen watan nan Malam Ɗantala zai ajiye makulli ya koma Yauri. Gwiwa ta fara ƙorafi, Haulat kuma ta ce ya isa haka. A ƙarshen takardar binciken da za a buga, wurin godiya, akwai sunansa cikakke. Da aka nuna masa ya sa Fausiya ta karanta sau biyu, sannan ya tambaya ko an sa sunayen masu shiga ruwan. Aka ce an sa. Ya ce to madalla.

Kai ne matambayin da bai ji kunyar rashin sani ba. Kai ne ka shiga ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya, ka yi wa kogunan wasu mutane hidima kamar na ƙofar gidanku. Kai ne ka tsaya gaban mai iko da abincinka, ba wanda ya kira ka, ba wanda ya zarge ka, ka ce ni ne. Sarkin ruwa ba da kwalekwale ba, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya kai ka gida lafiya, Ya sa ka tarar da iyali cikin ƙoshin lafiya, Ya albarkaci abin da ka bari a baya.

Mu kuma da muke warwatse a garin nan, masu gadi da direbobi da masu goge-goge da masu farar riga, kowannenmu akwai wata kula da ya taɓa buɗewa ba wanda ya gani. Ba a ce kada mu yi kuskure ba, don wanda bai taɓa kuskure ba bai taɓa aiki ba. Abin da ake nema shi ne in ranar ta zo, mu iya taka ƙofar ofis da ƙafarmu tun ba a aika takarda ba.

Da na gaya masa zan rubuta wannan, sai da ya yi ta kaucewa, ya ce shi me ya yi. Da ya ga ba zan fasa ba, ya kafa mini sharaɗi guda.

"In za ka rubuta, kada ka tsaya a maganar firiza. Ka rubuta har da yatsan. Wanda zai karɓi motar nan bayana ya fi buƙatar wannan."

Ga shi na rubuta, Malam.